Fuskar Ɗan Marka

Tun ranar da aka yaye shi, shekara talatin da biyu ke nan, Kulu ba ta ƙara ɗaga ido ta kalli fuskar ɗanta na fari ba. Sunansa kuwa ko da wasa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ni da ba ni na haife shi ba, ba abin da zai hana ni faɗa muku: Awaisu ne. Ita "ɗan Marka" take ce masa, don Marka ƙanwar mijinta ce ta ɗauke shi riƙo zuwa Malumfashi yana ɗan shekara biyu. Ba ƙiyayya ba ce, kada wani ya yi mata mugun zato. Kunyar ɗan fari ce, irin wadda matan gidansu a Maska suka tarar ana yi, sai dai Kulu ta riƙe ta fiye da kowa, har da ita ake yi wa amare misali. In ya zo gaisuwa sai ya durƙusa a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, ita kuma ta juya baya ta amsa wa bango. Muryarsa ta san ta ko a tsakiyar kasuwa. Takunsa ma ta sani, don yana ɗan jan ƙafar hagu in ya gaji. Fuskar ce dai babu.

Da haka za a tafi har kabari ba wanda zai ce komai, sai ga ciwon ido. Na hagu ne ya fara, shekara biyu da suka wuce. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, haske kawai ya yi ta ja da baya har ya ɗauke. Na dama ya bi sahu. Yanzu abin da ya rage mata ɗan zagaye ne a tsakiya, kamar mai leƙe ta hujin asabari, shi ma sai in akwai haske sosai. Likitan ido a Funtua bai ɓoye mata ba. Ya ce hawan jinin ido ne, an kawo ta a makare, maganin ɗigawa zai ja lokaci amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Da ta matsa masa, ya ce wataƙila ta ga damina mai zuwa, wataƙila ba za ta gani ba.

Daga ranar abu ɗaya ya tokare mata a rai ya ƙi wucewa: za ta makance ba ta san kamannin abin da ta haifa ba. Ta taɓa gwada satar kallo. Autarta Rashida ta bar waya a kan tabarma da hotonsa a buɗe, Kulu ta faki ido ta ɗauka. Kafin ta nemo shi da ɗan hujin nan nata, wayar ta yi baƙi ƙirin. Ta danna nan, ta danna can, sai waƙa ta ɓarke. Ta jefar da ita kamar ta ɗauki garwashi, ba ta kuma sake ba. Ta roƙi a nuna mata? Ta roƙi wa? Da wane bakin?

Shi Awaisu karatun zane ya yi a Zariya, ya dawo da sana'ar da mutanen Maska har yau ba su san sunan da za su ba ta ba. A kakar bana ya samu aron wani tsohon siton auduga a Funtua, can bayan layin dogo. Ya gina ɗaki da katako a cikinsa, ya lulluɓe shi da madubai, ya buɗe wa jama'a su shiga su gani. Rashida ta je ta dawo ta cika gida da labari. Ta ce auduga ya rataya da zare, dunƙule-dunƙule, kowace da ɗan ƙwan fitila a cikinta, in ka shiga sai ka ga gona ba iyaka. Ta ce 'yan mata sai ɗaukar hoto suke ba ji ba gani. Wani tsoho daga Dandume ya yi wa kansa sallama har sau uku, da ba a amsa ba ya fito yana cewa mutanen ciki ba su da tarbiyya. Wani direban tirela, ƙato guda, ya fito yana share hawaye, aka tambaye shi ya ce wallahi shi ma bai san dalili ba. Tsofaffi kuwa, in ji ta, Yaya da kansa yake shiga da su don kada su yi karo da bango.

"Abin mamakin, Inna," in ji Rashida, "ko kin ba mutum baya, kina ganin fuskarsa tar a gabanki. Ba a ɓuya a ɗakin nan."

Kulu tana ɓarar gyaɗa a lokacin. Sai ta zuba ɓawo a kwano ta jefar da ƙwayar.

Kwana tara tana juya maganar nan a ranta. Ai ba kallonsa za ta yi ba. Bango za ta kalla, kamar yadda ta saba. In bangon ya ga dama ya nuna mata wani abu, laifin wa? Ranar Laraba, ranar komawarta asibiti, da suka fito daga wurin likita bayan azahar, sai ta ce wa Rashida a gajarce, kamar maganar ba ta dame ta ba:

"Mu biya ta wajen abin nan na ɗan Marka, in ga abin da ya hana ki sakat."

Rashida ta tsaya baki buɗe. "Ke, Inna?"

"A'a, kakarki. Tare mana babur."

Tun kafin a sauke su Kulu ta ji a jikinta ba lafiya ba. Wanda idonsa ya yi rauni kunnensa ke yi masa aiki, kuma hayaniyar da ta ji a bakin siton ba ta 'yan kallo ba ce. Ba dariya a cikinta, ba muryar 'yan mata. Maza ne suke magana a lokaci ɗaya, wani abu mai nauyi yana ta dukan ƙasa. Rashida ta damƙe mata hannu ta ja ta gefe, ta tambayi wata mai sayar da awara abin da ya faru.

Matar ta ba su labari tana tattara kayanta. Wai ranar Litinin Nana, matar Haladu mai faci, ta shiga ɗakin ta yanke jiki ta faɗi. Tun ranar take kwance, jiki zafi rau, tana sambatu, tana cewa a tattaro ta, ta watse. Wata tsohuwa a layinsu ta duba ta ta ce ai ga magana nan a fili: madubai sun yayyaga kurwarta, kowanne ya riƙe guntu, in ba a fasa su ba yarinya ba za ta tashi ba. Mai unguwa ya ce a rufe wurin da la'asar a kwance kayan. Haladu kuwa ya ce shi ba zai jira la'asar ba. Ga shi can da taɓarya.

"Inna, mu tafi gida," in ji Rashida.

Kulu ba ta ji ta ba, don ta tsinci muryar da ta sani a cikin hargitsin.

"Malam Haladu, don girman Allah ka saurare ni," Awaisu yake cewa. "Gilashi ne da katako da zare. Ga Mudi nan, shi ya yanka gilashin, tambaye shi. Zazzaɓi ke yawo a gari. Ka zo mu kai ta asibiti yanzun nan, ni zan nemo mota."

"Kai ne likita?" Muryar Haladu ta dushe, muryar mutumin da ya kwana biyu bai runtsa ba. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya ci shi. "Lafiya lau ta shiga! Da ƙafarta ta shiga, a hannu aka fito da ita!"

Can daga baya wani ya jefo kalma ɗaya: "Maye!"

Gaban Kulu ya yanke ya faɗi. Ta san abin da kalmar nan take yi in ta faɗa cikin taro. Tana yarinya ta ga yadda aka raka wata mata bayan gari da jifa saboda kalmar nan.

"Kai ni bakin ƙofar," ta ce wa Rashida.

"Haba, Inna!"

"Za ki kai ni, ko in laluba da kaina?"

Suka ratsa ta gefen bango suka shiga siton. Ciki da inuwa da warin tsohuwar auduga. A tsakiya Kulu ta hangi duhun wani abu kamar rumbu mai kusurwoyi, a gabansa wani dogon mutum ya tare hanya. Mudi ke nan mai yankan gilashi, shi ke tsaron ƙofa.

"Iya, an rufe yau," ya ce. "Wa kike nema?"

To fa. Tambaya ce mai sauƙi ga kowace uwa a duniya, ban da wannan. Kulu ta buɗe baki ta rufe. "Mai... mai abin," ta ce.

"Mahaifiyar Yaya Awaisu ce," in ji Rashida da ƙarfi, don haushi ya fara kama ta.

Maganar ta bi baki zuwa baki har waje. Hayaniya ta lafa. Taron ya kwararo cikin siton, Kulu ta ji takun nan mai jan ƙafar hagu ya taho ya tsaya daga nesa, ta ji motsin riga da ya durƙusa. Kafin ta yi tunani jikinta ya riga ya juya masa baya.

"Sannu da zuwa, Inna," ya ce a hankali.

"Lafiya," ta amsa wa katako.

"Madalla!" in ji Haladu. "Uwarsa ce? To ta shiga mana! In abin arziki ne, ya bar uwarsa ta shiga mu gani."

"Ta shiga! Ta shiga!" aka amsa masa.

Kulu ta tsaya tana jira. Tsofaffi da kansa yake shiga da su, haka aka ce. Ta ji ya ja numfashi, sannan ya ce: "Rashida, ki shiga da ita. Ki riƙe mata hannu."

Kash! Abin da ba ta lissafa ba ke nan. Zai kama hannun tsohon Dandume, zai kama na kowace tsohuwa a Funtua, amma ba nata ba. Tarbiyyar da ta ba shi ce, da hannunta ta dasa ta, yau ga shi ta tare mata hanya. Wani baƙin ciki ya taso mata.

"Ba na son jagora," ta ce. "Ke tsaya nan ki riƙe mini takalmi."

Mudi ya yi ɗan jim, sannan ya tura ƙofar ciki. "Minti uku ne, Iya. Hasken yana tashi yana lafawa, kada ki tsorata, haka aka yi shi. In na ƙwanƙwasa ki matsa gaba kaɗan in buɗe miki."

Ta taka ciki. Ƙasa sanyi, sumul a tafin ƙafa. Ƙofa ta rufu a bayanta, hayaniyar ta koma kamar daga cikin rijiya.

Da farko duhu-duhu ne, ba ta ga komai. Sai haske ya fara tashi a hankali, dunƙulen auduga suka kama ɗaya bayan ɗaya, fari fat. Ta kai ɗan hujin idonta dama: auduga har iyakar gani. Ta kai hagu: auduga. Ta ɗaga sama: auduga ce a maimakon taurari. Ita da ta yi shekara arba'in tana tsinkar auduga har yatsunta suka yi kanta, ba ta taɓa sanin abin nan yana da kyau haka ba. "Ikon Allah," ta ce. A tsakanin layukan kuma ga tsofaffi a jere cikin hijabi ruwan ƙasa, ɗaruruwa, kowace ta dafe ƙirji. Sai da ta sauke hannu suka sauke sannan ta gane. Rabonta da ganin kanta shekara biyu. Ashe haka ta tsufa?

Hasken ya tsaya kamar tsawon Fatiha ɗaya, sannan ya lafa, ya bar ta a duhunta. Ya sake tashi, ya sake lafawa. Ta ƙirga sau biyar, kowane tashi tana ƙara tabbatar wa kanta abu ɗaya: a wannan hasken tana gani, gani na gaske, har zaren da ya riƙe audugar. A tsakar gida ba ta samun haka. Da la'asar kuma za a kwance ɗakin.

Aka ƙwanƙwasa.

Ba ta shirya abin da ta yi ba, Allah shi ne shaida. Ƙafafunta ne kawai suka ja da baya maimakon gaba, ta jingina da ƙofar, ta sulale ta zauna, ta tokare dugaduganta a ƙasa.

"Iya, lokaci ya yi," in ji Mudi. Ya tura. Ƙofar ta ɗan motsa a bayanta, ta danne.

"Inna?" Muryar Rashida ce. "Inna, ki yi magana!" Aka sake turawa. "Wayyo Allah, ƙofar ta ƙi buɗuwa!"

Sai siton ya kaure. "Ya riƙe ta!" "Har uwarsa bai bari ba!" "La'ilaha illallahu!" Wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi da ƙara, dutse ne ko rabin bulo. Wani ya biyo shi.

Kulu ta toshe baki da gefen hijabi. Ta san abin da take yi. Kalma ɗaya daga gare ta za ta kashe wutar nan. Ta ce ga ni, ta matsa, a buɗe, shi ke nan ɗanta ya tsira da mutuncinsa. Duk numfashin da ta ƙara a nan, da fatarsa take sayen shi. Wace irin uwa ce ke yin haka? Ta ji kunya, ta ji tsoro, amma bayanta ya ƙi rabuwa da ƙofar. Ta ce a ranta: sau ɗaya dai, ya Allah, sau ɗaya tak.

"Ku matsa in fasa!" in ji Haladu.

"Kada ka buga!" Ba ta taɓa jin Awaisu ya ɗaga murya haka ba. "Gilashi zai zubo mata a ka! Akwai 'yar ƙofa ta baya inda nake gyaran wayar wuta. Ku ba ni minti biyu in fito da ita. In ban fito da ita ba, ku yi abin da kuka ga dama da ni."

"Minti biyu," in ji Haladu. "Ina ƙirgawa."

Ta ji takunsa yana zagaya ɗakin da sauri. Can ƙasa, a bangon da ke fuskantarta, wani abu ya yi ƙara ya zame, mutum ya rarrafo ciki. Hasken ya lafa a lokacin. Kulu ta yi maza ta juya ta fuskanci ƙofa a kan gwiwoyinta, hancinta kusan yana taɓa madubi, zuciyarta na bugawa har a kunne. Ga shi a bayanta. Tana jin numfashinsa da ƙamshin sabulun rigarsa.

"Inna, lafiya? Jiri ne?" ya ce. "Don Allah ki daure ki tashi mu fita. Za su fasa."

Haske take jira.

Ya fara tashi. Auduga ta kama. Ta zare idon dama iyakar ƙarfinta, ta bi madubin da ɗan hujinta a hankali, ta wuce kafaɗarta, ta wuce zare, ta sami farar riga. Ta hau sama. Ta sami wuya. Ta ƙara hawa.

Hula. Tsakiyar hula kawai.

Ya durƙusa ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙirji, yadda yake yi a bakin ƙofarta shekara da shekaru. Ta duba madubin dama, hula ce. Ta duba na hagu, hula ce da gefen kunne. Samari ɗari a durƙushe a gonar auduga, duk masu ladabi, ba ɗaya da ya ɗaga kai. Kai, wannan yaro! Da za ta iya da ta make shi. Ɗaga kanka, kalma biyu ce, kowace uwa tana faɗa wa ɗanta ita kullum. Ta motsa leɓe, harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Shekara talatin da biyu ba ta taɓa ce masa "kai" ba.

Hasken ya lafa.

"Saura minti ɗaya!" in ji Haladu. Taɓarya ta daki katako daga waje, ɗakin ya girgiza, audugar ta yi ta lilo.

"Inna, na roƙe ki," in ji Awaisu.

Shi ke nan. Ta haƙura. Ba za ta bari a kashe mata ɗa a kan kwaɗayin idonta ba. Ta dafa ƙasa ta juyo don ta miƙe ta ba ƙofa hanya, kanta a sunkuye kamar kullum in yana kusa, idonta a kan ƙasan da ke tsakaninsu. A daidai nan haske ya taso.

Ashe daɓen ma madubi ne. Rashida ba ta faɗi wannan ba, ita kuma tun da ta shigo ba ta kalli ƙasa ba.

Ga fuska nan a ƙasa, tsakanin hannayenta da gwiwoyinsa, tana kallon ta. Doguwar fuska, baƙa mai sheƙi, gumi na bin ta. Dogon hanci mai ɗan karkata, hancin mahaifinta sak, Malam Abdussamad da ya rasu tun kafin a yi mata aure. Gemu siriri, har da furfura biyu ko uku a gefe. Furfura! Idanu manya, jajaye don tashin hankali, sun buɗe da firgita saboda shi ma ya gan ta. Ya yunƙura zai kau da kai.

"A tsaya," ta ce wa daɓen. "Kada a motsa."

Ya tsaya cak.

Ta bi fuskar a hankali, don ɗan hujinta ba ya ɗaukar ta gaba ɗaya. Goshi. Kunci. Baki mai kama da na Rashida. Ta koma sama, sai ta ci karo da wani tabo da ya raba girar hagu biyu, tsoho, fari-fari, da alamar ɗinki. Kaɗan ya rage ya sami ido.

"Wannan tabo na gira," ta ce, "yaushe aka same shi?"

"Ina shekara tara, Inna. Keke ne ya kayar da ni a kan ƙarfe, a Malumfashi."

"Ba wanda ya gaya mini."

Ta ga leɓensa na motsi a cikin madubi kafin maganar ta fito.

"An gaya miki, Inna. Gwaggo Marka ta aiko mutum takanas. Da ya dawo na tambaye shi me kika ce. Ya ce kin ce Allah ya sawwaƙe, kika ci gaba da tankaɗe."

Ta tuna. Wallahi ta tuna kamar jiya. Garin dawa ne, mata huɗu suna zaune a tsakar gida suna kallon bakinta su ji ko za ta yi abin kunya. Ta ce Allah ya sawwaƙe. Ba ta tambayi a ina ciwon yake ba. Da yamma har yaba mata aka yi.

"Kwana uku ina zaune a zaure da bandeji," ya ce a hankali. "Na ɗauka za ki zo."

Kulu ta miƙa yatsa ta ɗora a kan tabon, a jikin gilashi. Sanyi ne kawai a wurin. Bai motsa ba, ita ma ba ta ɗauke ba. A waje wani ya fizge wayar wuta, ƙwayayen fitila suka mutu gaba ɗaya.

"Lokaci ya cika!" in ji Haladu.

Ita ta riga Awaisu miƙewa, don duhu ba baƙonta ba ne. Ta laluba ta sami bakin ƙofar, ta ja ta, ta tsaya a tsakiya ta tare hanya da jikinta. Taron ya ja baya. Tana jin hucin Haladu a gabanta.

"Ga ni, Malam Haladu," ta ce, muryarta ba rawa. "Da ƙafata na shiga, da ƙafata na fito, kurwata kuma tana jikina. Ni na danne ƙofar da bayana, ba aljani ba. In fasawa za ka yi, ka fara da ni. In kuwa matarka kake so, ajiye taɓaryar nan ku kai ta asibiti tun rana ba ta faɗi ba."

Aka ɗan jima, sannan ta ji kan taɓarya ya sauka ƙasa a hankali.

Rashida ta durƙusa tana sa mata takalmi, ta ɗago ta ga ruwa na bin kuncin uwarta har haɓa, yana ɗiga a hijabi.

"Ku ba ta hanya," ta ce wa mutane. "Ciwon ido gare ta, hasken ne ya dame shi."

Kulu ba ta musa ba.